Mai Awo a Gabar Gabas

Ni ne mai awo.
Ba na kama kowa, ba na sakin kowa.
Ɗakina yana ƙarƙashin kotu, gabas da kogin Snake,
babu taga, sai sikeli da biro da ledoji masu lamba.
Shekara goma sha tara ina ɗora laifin mutane a faranti,
in jira lamba ta daina rawa.

Ran Talata aka sauko min da na Araceli Urrutia.
'Yar kwalba ce, murfinta da hatimi,
an liƙa mata takarda kamar maganin tari.
Har rasit yana ciki, a ninke:
kuɗin wiwi kaza, harajin hukuma kaza,
can ƙasa an buga, mun gode, sai kin dawo.

A Oregon ta saya, da rana tsaka.
Ta bi layi bayan wata tsohuwa mai sanda,
mai shago ya duba katinta, ya ba ta canji.
Ta hau gada tana mai ciniki,
ta sauko cikin Idaho tana mai laifi,
waƙar da rediyonta ya fara a can ko rabi ba ta kai ba.

Fitilar bayan motarta ce ta mutu, in ji rahoto.
Sauran kuma hancin kare ya ƙarasa.

Ta ce wa alƙali na babanta ne, Eusebio,
wanda ya shekara arba'in yana tonon albasa
a wannan gaba da waccan,
gona ba ta taɓa tambayarsa jiharsa ba.
Yanzu ciwo na gwigwiyar ƙashinsa,
abinci in ya shiga sai ya dawo.
Sai ya zuƙi hayaƙin nan yake iya haɗiyar romo,
cokali uku, wata ran huɗu.

Alƙali bai ɗaga murya ba, mutumin kirki ne.
Ya ce kundi bai san romo ba.
Ya jawo takarda. Tawa ce. Hannuna ne:
giram ashirin da shida da ɗigo huɗu.
Ƙwan da na karya da shi da safe ya fi shi nauyi.

Tara, da 'yan kwanaki a tsare, da suna a rajista.
Tarar za ta fito daga kuɗin haya.
Kwanakin za su wuce, kwana ba ya ƙin wucewa.
Sunan ne ba ya jin sabulu.
Zai riga ta zuwa duk inda ta kai takardar neman aiki,
ya ja kujera ya zauna yana jiranta.
Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya,
ita ko tsallen ba ta yi ba, gada ta bi.

Kada wani ya ce kirari nake yi wa ganyen.
Ɗan ƙanwata Colter ya fara yana sha huɗu,
yau yana ashirin da uku, labulen ɗakinsa a sake,
rana ta fito ta faɗi bai tambaye ta ba.
Na ga abin da ganye ke yi wa mutum.
Na kuma ga abin da muke yi masa, mu masu hatimi,
sikelina kuwa ba ya ɗaukar biyun a lokaci guda.

Ƙarshen wata muka kwashi shaidu zuwa tanderu, bayan gari.
Ni na jefa kwalbar, da rasit, da ledar.
Harajin dai yana can ƙetare, yana aikinsa.
Na tsaya na sa hannu cewa komai ya ƙone,
sai na ɗaga kai.
Iska ta juyo daga gabas, ta ɗauki hayaƙin,
ta bi da shi ta kan gonakin albasa,
ta kan rufin da Eusebio ke kwance,
ya haye kogi a hankali, babu fitilar baya,
babu wanda ya ce masa tsaya.