Littafin da Ya Zo da Ƙosai

A ƙauyenmu, can bayan Jahun,
inda burji ya ƙare, yashi ya karɓi taya,
akwatin littattafai ɗaya ne a makaranta.
Makullinsa ya bi hedimastan da aka yi wa canji,
gara kuwa ba ta jira makulli ba.

Ni nawa littafin, a hannun Gwoggo Tabawa na same shi,
gindin tsamiya, ran Laraba,
tana yagarsa falle-falle tana naɗe ƙosai.
Ba ta san baƙi ba,
ta dai san takarda mai shan mai.

Ƙosan kwabo biyar, shafi guda.
Na cinye, na lashe yatsu, na miƙar da takardar a cinya:
wani yaro ne, kwalekwalensa ya kwance da dare,
daga shi sai akuya, sai fitila mai sauran numfashi.
Daidai inda ya ji motsi ƙarƙashin ruwa,
yaji ya rufe kalmar,
shafin ya ƙare.

Tun ranar ƙosai ya shiga raina.
Na yi kalar gyaɗa, na kai wa Baba Cindo fura gona,
kwabo na taruwa, Laraba na jan ƙafa.
Mu uku muka ƙulla: ni, da Mantau, da ƙanwarsa Tsahare.
Mantau ke bin masu saye:
"Baba, in ka gama, a san mana takardar."
Wani ya miƙo, wani ya goge baki ya cilla kwata.
Wani mai shanu ya tafi da shafi na ashirin da bakwai
har rugarsu.

Abin da muka tsira da shi muka ɗinke da zaren buhu.
In ka ɗaga shi a rana sai ka ga bayan ta gaba,
mai ya ratsa, layi ya hau layi.
Cikin tsohuwar tukunya muke ɓoyonsa, mu kife da faifai,
don ɓera ma ya san daɗin labarin.

Bayan isha, a zaure, gaban aci-balbal,
ni ke karatu, ina tuntuɓe da haruffa.
Inda rami yake, Tsahare ke cikewa,
ita da hannunta bai ko kai kunne ba,
balle a rubuta ta aji ɗaya.
Ita ta ce dorina ce a ƙarƙashin ruwan.
Ita ta ce akuyar ta san hanya, magana ce dai ba ta ga dama ba.
Ƙarshen littafin kuwa, Gwoggo ta hura wuta da shi
wata safiya da itace ya kwana a ruwa.
Tsahare ta yi masa ƙarshe huɗu.
Mantau ya fi son wanda yaron ya dawo bisa dorina,
har dambe ya yi a kansa.

Shekara talatin da wani abu,
a Kano, a shimfiɗar mai tsofaffin littattafai,
na gan shi da bango, da suna, da shafi na ashirin da bakwai.
Ban yi ciniki ba.
A motar gida na karance shi, gwiwata cikin buhun wani.

Ashe kututture ne a ƙarƙashin ruwan.
Akuyar, an sayar da ita tun a shafi na arba'in.
Yaron ya koma gida, aka yi masa nasiha, shi ke nan.
Na shinshina takardar,
ƙanshin rumfa kawai.

Tsamiyar na nan. Gwoggo ta riga mu gidan gaskiya,
ƙosai yanzu a leda yake zuwa, bebe.
Na iske Tsahare tana ɓarar gyaɗa, jika a cinya.
Na ce, "Kin tuna? Na samo shi cikakke."
Ta dakata, ɓawo a hannu.
"Dorinar fa?"

Na tura littafin can ƙasan aljihu.
Na ce, "Tana nan."