Bashin Zaure

Mun taso Tsafe da jakai goma sha bakwai,
kanwa a mangala, barkono a taiki.
Ni ne autan ayari, mai koro daga baya,
mai shan harbin jaki da tsawar madugu.

La'asar sakaliya hadari ya haɗo,
dutsen Kwatarkwashi ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Madugu Ɗanjimma ya dubi gabas, ya tofar da tuƙar goro,
ya ce a ratse, akwai gida bayan tsamiyar can
da bai taɓa tambayar falke me ya kawo shi ba.

Gidan ya girmi ƙauyen.
Zaurensa ya sunkuya kamar mai neman allura a ƙasa,
azara ta sha hayaƙin mutanen da babu su,
makuba ta ɓamɓare, tubali na leƙe.
Rumbu tara na ƙirga, biyu ke da jinka,
sauran na kaji ne, da wata akuya mai tari.
A bakin rijiya igiya ta ci dutse
har yatsuna huɗu suka shige gurbin.

Muna sauke kaya ruwa ya goce.

Tsohuwar gidan, Tumba, ta fito da fitila,
tana haska fuskoki ɗaya bayan ɗaya.
Da ta zo kaina ta tsaya kan tsagar kuncina.
"Kai na Bilbis ne. Jinin wa?"
Na ce jikan Gagare.
Ta yi dariya, haƙori ɗaya, ta kama hannun rigata.

Bangon zaure, daga ƙugu zuwa iyakar hannu,
zane ne tsaye tsaye, kamar kunyoyin gona.
"Wanga na masu goron Gwanja, ba su komo ba.
Wanga na wani Buzu mai ido guda.
Ga naku nan, ukku.
Mudu ukku na gero, shekarar fara,
ran da jakinai ya faɗi bakin darni.
Ya ce sai ya juyo."

Kakana ya rasu ina rarrafe.
Ban san muryarsa ba, ban san tsawonsa ba,
sai daren nan na sa yatsa inda ya sa wuƙa,
na gane ashe na fi shi tsawo kaɗan.

Na kwance lalitata, hannu na rawa.
Ta buge shi kamar mai korar kaza daga shanya.
"Uwar mijina ta hana a shahe,
ita ma haka aka hana ta.
Gidan da bai bin kowa bashi,
wa za shi waiwayai?"

Muka kwana, ɗigo na neman ƙeyata,
Ɗanjimma na minshari, jakai na bugun ƙasa.

Da asuba ta dama fura, ba nono, tsamiya ta ji,
na shanye har na ga gindin ƙwarya.
Ana ɗaura akumari na koma zaure,
na zare basillar ɗinkin buhu,
ƙarƙashin ukun Gagare na ja nawa, ɗaya,
ya karkace, don ƙasar ta jiƙa.

Madugu na kira, wai jakin gaba ya shiga gonar mutane.
Na fita da gudu, jar ƙasa a farcena.