Gyaran Tsini

Ƙarshen Oktoba, a Montana,
idan dusar ƙanƙara ta fara toshe hanyar gari,
mahaifina, Orval Tveit, yakan shige gareji
ya kunna fitila ɗaya tal a kan tebur.
Ni ce mai riƙe masa kofin gahawa.

Harsashi hamsin a kwali, kamfani ɗaya,
kai ka ce uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.
Shi kuwa sai ya jera su a kan tsumma
ya bi su da gilashin ƙara girma:
wannan bakinsa ya karkace,
wannan ya ɗara ɗan'uwansa da kaurin gashin gira,
wancan da tsagarsa ya zo duniya.
Ya daidaita, ya hure, ya ɗora a sikeli,
ya rubuta lamba a littafin da maiƙo ya rine.
Garin tagulla na sauka a gwiwar wandonsa.

Ina 'yar sha biyu na tambaye shi:
Baba, ɗan abin da ido ma ba ya gani,
me zai sa, me zai hana?
Ya ce, a yadi ɗari babu komai.
A yadi ɗari shida, Solveig, taƙi guda ne,
kuma taƙi guda ne tsakanin zuciya da tumbi.

Sauran labarin a bakin mahaifiyata na ji.
Tun ba a haife ni ba
ya harbi wani namijin barewa mai ƙaho reshe goma sha biyu,
harsashin ya kauce.
Kwana uku yana bin ɗigon jini a kan fari,
ranar ta huɗu hankaki suka nuna masa wurin.
Masu cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure,
ba su taɓa bin jini kwana uku ba.

Bana hannunsa na rawa,
yana ta hau masa idon dama.
Ni ce a kujerar, shi ke riƙe da gahawar,
tana zuba masa a yatsu, bai ce uffan ba.
Cikin hamsin na fid da tara.
Ya shafa bakin kowanne da babban yatsa,
ya mayar mini da biyu.

Asuba muka hau dutsen, yana dogara sanda,
numfashinmu na tashi kamar hayaƙin murhu.
Can ƙetaren kwazazzabo, ga shi tsaye,
wuya baƙi, ƙaho kamar busasshiyar bishiya,
yana tonon ciyawa da kofato.
Na kwanta rub da ciki. Na aza kunci a kan ƙota.
Na auna nisa, na duba littafin, na murɗa madubi.
Yatsana ya sami kunama.

Baba bai kalli dabbar ba, ai ba ya ganinta.
Ya cire hula, ya ba iska kunne.
Ya ce, a nan daga hagu take.
A can fa?
Na duba: ciyawar can dama take kwantawa,
ta miƙe, ta sake kwantawa.
A tsakiyar kwarin kuwa, babu ciyawar da za a tambaya.

Ya ce, mun gyara abin da ke gyaruwa.
Iska ba ta hawa sikeli.

Na zare harsashin, ɗumin bindiga ma bai ji ba.
Barewar ta ɗaga kai, ta shinshina,
ta shige cikin itatuwa ba gaggawa.

Wannan hunturu wake muka ci da dankali,
sai naman da maƙwabcinmu Dell ya aiko a leda.
Harsashin na nan a dokin taga,
kusa da maganin idon Baba.
In rana ta biyo ta wajen la'asar
bakinsa yakan ɗan yi ƙyalli.