Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Ofishin takaful yana sama, bisa shagon masu taya,
kan hanyar Sakkwato, a Gusau, ranar Talata.
Fanka tana juyawa kamar an yi mata dole.
Malam Nafi'u ya turo min takarda da biro:
"Cikewa kawai za ki yi, Malama, ba wuya."

Suna, na rubuta. Shekaru, talatin da tara.
Sana'a, koyar da lissafi.
Taba? A'a. Hawan jini? A'a. Suga? A'a.
Biro na ta tsalle kamar ɗan akuya da safe
har ya iso ta goma sha ɗaya, ya tsaya cik.

Ko wani a danginki ya taɓa ciwon daji?
Ga akwati biyu, kowanne bai kai ƙwayar wake ba.
I. A'a.

Ta ina zan tura Inna Kulu cikin wannan akwati?
Mace mai jiki, mai dariyar da ake ji daga bakin rijiya,
wadda ta ɓoye ƙullutun nononta damina biyu
tana shafa man shanu, tana cewa maruru ne.
Ran da muka kai ta Sakkwato, injin ƙona ciwon ya lalace.
Aka ce Zariya. Muka sayar da fadamar Wanke,
sannan shanun huɗa, sannan keken ɗinkinta,
muka dawo da ita a kujerar baya
ba ta kai nauyin damin gero ba.

Gwaggo Tsahara fa? Nata a mahaifa ya zauna.
Yaya Lawwali, hanta, yana da arba'in da ɗaya.
Ya bar 'ya'ya biyar da bashin kemis
wanda har watan jiya nake ragewa.

A garin nan in an ce daji, kowa sai ya waiga,
a rage murya, a tambayi wace hanya aka tare.
Namu dajin ba ya zuwa a kan babur.
Cikin jini ya kafa sansani.
Yana karɓar fansa, ya sake karɓa,
kuma bai cika sako mutum ba.

Malam Nafi'u ya ga biro ya daɗe a sama.
Ya duƙo: "In kin sa i, kuɗin wata zai hau,
kuma sai an gwada ki. Wasu dai..."
Bai ƙarasa ba. Ya gyara hula.

Wato in ce ban san su ba.
In sake binne su don rangwamen dubu huɗu,
sannan ran da Zinatu ta hau wannan bene da takardar mutuwata
a buɗe fayil, a ce uwarki ta yi ƙarya,
a sallame ta hannu rabbana.

Mijin ƙanwata ya ce rashin tawakkali ne,
wai ina cinikin ajalina.
Shi da ke da rumbu biyu a ƙauye!
Ban taɓa ganin ya bar geronsa a fili
yana jiran abin da Allah zai yi ba.
Ajali na Mai shi ne.
Ni kuɗin makaranta nake ciniki.

Na sa i. Na danna har biro ya huda takarda.
A gefe, inda ba a tambaye ni ba, na jera su:
Kulu, Tsahara, Lawwali.
"Ba a buƙatar suna," in ji shi.
Na ce a bar su, shaiduna ne.

Alhamis za a ɗebi jini, a matsa, a haska.
Dubu sha ɗaya duk wata, in sun yarda da ni.

Da dare aka ɗauke wuta.
Zinatu na haddar lissafi da fitilar waya,
ta kakare a bakwai sau takwas.
Ni ina bayan labule, hannu a hammata,
ina lalube kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
"Umma, nawa ne?"
Na ce hamsin da shida.
Yau ban ji komai ba. Na sauke hannu,
na ce ta wuce zuwa tara.