Fam Biyar Kowace Mutuwa

A Mai Wurno, shekarar da kogi ya janye da wuri,
masu ɗaukar fim suka sauka da motoci uku
suna neman mutum ɗari da suka iya faɗuwa.
Ni da Tijjani muka bar gonar albasa.
Fam biyar kowace mutuwa, da kwanon wake.

Jagoran yaƙin yana da laimarsa.
Sai an goge masa gumi kafin ya buɗe baki,
a liƙa masa furfura da ƙaro,
ya sunkuya kan taswira, ya tura ɗan katako da sanda.
Ɗan katakon nan, mu ne.

"Ba za mu ja da baya ba!" in ji shi.
Aka ce ya sake, ƙuda ya sauka a hancinsa.
Sau tara yana ƙin ja da baya,
mu kuwa muna kwance a rairayi mai ƙuna,
jinin zoɓo na bushewa a rigata,
tururuwa na zagaya kunnena,
gawa kuma ba ta susa.

Tijjani ya yi atishawa. Aka zaftare masa fam ɗaya.

Bayan shekara biyu muka hau akori-kura zuwa Sinnar,
silima marar rufi, taurari na leƙen kyauta.
Can gefen allo na hango ƙafata ta hagu,
na shaida ta da tabon lauje.
Na miƙe: "Ga ni nan!"
Aka ce in zauna, jagora zai yi kuka.
Ya kuwa yi. Ɗigo guda, an haska shi kamar lu'ulu'u.
Har ni sai da na share ido.

Jiya jikata Sittana ta nuna min irinsa a waya:
wani tsoho a ɗakin da ba taga,
barci ya ƙi shi, ƙasa na jiran kalmarsa.
Ta ce, "Kaka, dubi nauyin da ya ɗauka."
Na ce, mayar da shi baya kaɗan.
Tsaya nan. Wancan na kwance kusa da motar da ta ƙone,
wanda yatsansa ya ɗan motsa,
nawa aka ba shi?

Abin da ban gaya mata ba:
da na gaske ya iso garinmu
babu mai ɗaga hannu ya ce a sake.
Tijjani ya fita neman gawayi da hantsi.
Har la'asar sakaliya ina zaune a gefensa,
ina korar ƙuda,
ina jiran ya yi atishawa.