Yumɓun Lofe

A bayan Mokolo, inda dutse ya gaji ya kwanta,
akwai rami mai bakin tulu.
Nan nake shiga tun da jijjifi,
igiya a ƙugu, dagi a hannu,
Tize a sama yana riƙe da raina.

Gaba bakwai kafin a tarar da shi.
Jan na masu tukwane ne,
mu baƙin muke bi, mai santsin hantar akuya,
wanda garwashi ba ya tsagawa.
Da harshe nake gane shi,
tocila ta daɗe da daina faɗin gaskiya.

Ƙasa ba ta sallama,
sai dai yashi kaɗan ya zubo maka a wuya.
Bara ya zubo wa Jatau,
ya ce bari ya cika kwando tukuna.
Kwana biyu muna tono da hannu.
Kwandon muka fara samu, a cike.

Ran Litinin a kasuwar Marwa
wani ya juya lofe, ya ƙwanƙwasa da farce,
ya ce dala arba'in ta yi yawa
ga abin da aka tsinta a ƙasa.
Tari ne ya amsa masa,
ni da ban taɓa zuƙar taba ba.

Jiya an yi ruwa, bangon rami ya sha.
Tize ya dubi igiya, ya dube ni.
Geron gida saura tiya uku.
Na ce, ɗaura.