Takardar da Ba Ta Bin Iska

A garinmu sabis ɗan gata ne,
ba ya shiga ɗaki.
Sai kan suri, bayan asibitin sha-ka-tafi,
nan Malam Ubale ya ɗaga waya sama
kamar mai miƙa wa raƙumi harawa.

Nafi'u, tsaya.
Nafi'u, dubi likita.
Nafi'u ya bi fara cikin riɗi.

Likitar tana Dutse, fuskarta na tsinkewa tana haɗuwa.
Ta tambayi barcinsa, ta tambayi cinsa,
sau nawa malami ya koro shi daga aji.
Na ce na daina ƙirgawa tun bara.
Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi,
na yi masa dukan da har yau nake jin kunyarsa.
Ta yi shiru. Na zaci sabis ne ya ɗauke.

Ta ce ba iskoki ba ne, ba taurin kai ba ne,
kansa ne kamar kasuwar Gujungu tana ci,
kowa na kira, bai san wa zai amsa wa ba.
Akwai magani.
Na buɗe hannu tun ba ta rufe baki ba.

Amma, in ji ta, wannan ba ya bin waya.
Na tari zan rubuta, na zazzaɓi zan rubuta,
shi kuwa yana akwati mai makulli.
Sai na ga yaron ido da ido,
na ɗora shi a sikeli, na saurari zuciyarsa,
sannan in sa hannu.

Na so in yi faɗa.
Kuɗin mota tiya huɗu ne na riɗi,
ga gadar da ruwa ya cinye.
Sai ga Lawandi ƙanena ya gifta ta gindin suri
yana gardama da wanda babu,
shi da ƙwaya ta kama tun daga teburin mai shayi,
ba takarda, ba mai tambayar sunansa.
Na haɗiye maganata da ɗacinta.

Ban ce dokar ta yi mini daɗi ba.
Wanda ya rubuta ta bai taɓa riƙe Nafi'u
awa uku a bayan a-kori-kura ba.
Amma na ga abin da buɗaɗɗiyar ƙofa ta yi wa gidanmu.

Laraba za mu tafi.
Na auna riɗin, na ɗaure bakin buhu.
Nafi'u ya dawo da fara a tafin hannu,
ya ƙirga mini ƙafafunta, shida,
bai tsallake ko ɗaya ba.